Martin Luter: ya ƙi a rufe mishi baki, ya yarda a rufe na wasu



Tun farko bari mu raba mutane biyu, domin in an ce Martin Luter da yawanmu Amurka hankalinmu ke tafiya, wajen baƙar fatar nan mai fafutukar ƴanci da aka harbe a 1968. Ba shi ba ne. Wancan Martin Luther King ne, kuma sunan ma aro ne: mahaifinsa ya je Jamus a 1934, bayan ya komo gida ya ɗauki sunan, ya sa wa ɗansa. Mai sunan na asali Bajamushe ne, an haife shi a garin Eisleben a 1483, a nan kuma ya mutu a 1546. Mu da muka yi kwalej mun gamu da shi a darasin tarihi. Mushe ya rubuta 1517 a allo, muka hardace don jarrabawa, muka wuce. Abin da aka ba mu shi ne: wani malamin coci ya tayar wa Fafaroma, Kiristocin Turai suka rabu biyu, Katolika da Furotesta. Shi ke nan.

To maganar ta fi haka tsawo, kuma har yau su kansu Kiristoci ba su gama ta ba. Ban zo yanke hukunci kan addinin kowa ba. Ra'ayina ne kan mutum ɗaya, kuma ga shi a fili: Luter ya nemi wani haƙƙi don kansa, ya sa ransa a kai, ya samu, sa'annan ya hana wa wasu wannan haƙƙin. Wanda ya faɗi rabin farko ya yi shiru kan na biyu bai ba ku labarin ba.

Mu fara da abin da ya dame shi, don in ba a gane shi ba, sauran duk zai zama kamar rigimar kuɗi. Luter ɗan mai aikin haƙar tagulla ne, uban ya so ya karanta shari'a. A 1505 hadari ya rutsa da shi a hanya, aradu ta faɗi kusa da shi, ya yi alwashin in ya tsira zai shiga gidan zuhudu. Ya shiga. Amma tsoro bai bar shi ba. Azumi, tsayuwar dare, furta zunubi gaban babbansa na awowi, duk ya yi, tambaya ɗaya na cin shi: yaushe aikina zai isa har Allah ya karɓe ni? Yana koyar da Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg, cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya ga abin da ya ɗauka amsa ce: aikin mutum ba zai taɓa isa ba, ceto kyauta ce, da bangaskiya ake karɓar ta. Aiki nagari yana biyowa baya kamar yadda itace ke ba da ƴaƴa, amma ba shi ke sayen ceto ba.

Mai wannan tunani sai ga shi ana sayar da takardun sassauci a ƙofar garinsu. A koyarwar cocin lokacin, takardar tana rage horon da ya rage kan mutum bayan ya tuba, ko kan mamacinsa da ke wurin tsarkakewa kafin shiga aljanna. Amma yadda mai wa'azi Johann Tetzel ke tallar ta, talaka ya fahimci cewa da kuɗi ya faɗa asusu uwarsa ta fita daga azaba. Kuɗin kuwa ina suke zuwa? Wani kashi ginin babban cocin Bitrus a Roma, wani kashi biyan bashin da babban limamin Mainz, Albrecht, ya ci wajen attajiran gidan Fugger don samun kujerarsa. Ranar 31 ga Oktoba 1517 Luter ya aika wa Albrecht wasiƙa tare da batutuwa 95 na muhawara. Da Latinanci ya rubuta su, don malamai. Sai masu injin buga littattafai suka kama su, aka juya su zuwa Jamusanci, cikin ƴan watanni suka gama ƙasa. In kuna so ku ce, abin da waya ke yi mana yau shi injin nan ya yi mishi.

Daga nan abu ya yi ta hawa. Fafaroma Leo na 10 ya aiko da takardar gargaɗi a 1520, Luter ya ƙone ta a bainar jama'a, aka fitar da shi daga coci a Janairun 1521. A watan Afrilu aka kira shi birnin Worms gaban sarkin sarakuna Charles Quint, saurayi ɗan shekara 21 mai mulkin kusan rabin Turai. Aka tara littattafansa kan tebur, aka ce ya janye. Ya san abin da ya samu Jan Hus, wanda aka ƙone da rai a 1415 kan irin wannan magana, alhali shi ma an yi mishi alkawarin kariya. Duk da haka ya ce ba zai janye ba sai an gamsar da shi da nassi ko da hujjar hankali, don saɓa wa lamiri ba daidai ba ne. Wannan tsayuwa ba wanda zai ƙwace mishi ita. Ko abokin gabansa ya san namiji ne ya tsaya ranar nan.

Ku riƙe kalmar nan da kyau: a gamsar da ni, kada a tilasta mini. Cikin maganganunsa da Roma ta la'anta a 1520 ma har da cewa ƙone ƴan bidi'a ya saɓa wa nufin Ruhu. Da wannan ma'auni nasa za mu auna shi, ba da namu na yau ba.

Kafin mu kai can, akwai aikin da ni a ganina ya fi kowanne girma, kuma duk mai aikin rediyo da harshen gida zai ji shi a jikinsa. Bayan Worms, sarkin Saksoni, Frederick, ya sa aka yi kamar an sace shi, aka ɓoye shi a fadar Wartburg. A nan cikin kimanin mako 11 ya fassara Sabon Alkawari daga Girkanci zuwa Jamusanci. Ya fito a Satumba 1522, wajen kwafi 3000, kafin ƙarshen shekara sai da aka sake bugawa. Littafin gaba ɗaya ya fito a 1534. Ba shi ya fara fassara shi zuwa Jamusanci ba, amma na gabaninsa Latinanci ne sanye da rigar Jamusanci. Shi ya ce mai fassara ya je ya saurari uwa a cikin gida, da yara a titi, da mutum a kasuwa, ya ga yadda bakinsu ke juyawa, sa'annan ya rubuta. Duk wanda ya taɓa riƙe sanarwar gwamnati da Faransanci, saura minti biyar ya shiga iska, yana neman yadda zai faɗe ta tsohuwa a ƙauye ta gane, ya san wahalar da mutumin nan ke nufi. Kuma a 1524 ya rubuta wa shugabannin birane su buɗe makarantu, na maza da na mata, don littafi a hannun wanda bai iya karatu ba ado ne kawai.

Wannan tunani ya iso har nan wajenmu. Ƴan mishan ɗin SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, ba ƴan cocin Luter ba ne, amma Furotesta ne, kuma a kan wannan turba suke, cewa kowa ya karanta da harshensa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Ƴan cocin Luter na asali kuwa suna Numan, a jihar Adamawa ta Najeriya, inda ƴan Danmak suka fara aiki a 1913, kuma babban limaminsu Musa Panti Filibus ne aka zaɓa shugaban ƙungiyar cocin Luter ta duniya a 2017.

Amma ko fassarar ba ta tsira daga gardama ba. A Romawa sura 3 aya 28, inda aka ce mutum na samun barata ta bangaskiya, Luter ya ƙara kalmar da ke nufin kaɗai, wadda babu ita a Girkancin. Ya ce harshen Jamusanci ne ya buƙace ta don ma'ana ta fito. Katolika suka ce ka sa aƙidarka cikin nassi. Suka nuna mishi wasiƙar Yaƙubu, wadda ke cewa bangaskiya ba aiki matacciya ce, shi kuwa ya riga ya rage wa wasiƙar daraja a gabatarwarsa. Da Erasmus, babban masanin zamanin, suka yi ta ja a 1524 da 1525 kan ko mutum na da zaɓi cikin cetonsa. Luter ya ce babu. Masu karatun tauhidi a cikinku za su gane irin wannan gardama ta ƙaddara da zaɓi, ba baƙuwa ba ce. Waɗannan duk gardamar malamai ce, takarda da tawada. Ba ta nan jini ya zuba ba.

Ta wajen manoma ya zuba. Talakawan ƙauyukan Jamus sun ji wa'azin cewa Kirista ɗa ne, ba bawan kowa ba, suka ɗauke shi da gaske. A watan Maris 1525, a garin Memmingen, suka rubuta buƙatu 12. Ku ji irin su: mu zaɓi limaminmu da kanmu, a daina riƙe mu kamar bayin gandu, a bar mu mu yi itace a daji mu kama kifi a rafi, a rage aikin tilas a gonar mai gari, a daina ƙwace gadon gwauruwa da marayu. Kuma a ƙarshe suka ce duk buƙatar da aka nuna musu ta saɓa wa nassi za su janye ta. Kun ji? Maganar Luter ce ta Worms, a bakin manomi.

A yi mishi adalci, da farko ya rubuta yana zargin sarakuna, ya ce zaluncinsu ne ya jawo tashin, ya nemi a sasanta. Kuma gaskiya ne manoman sun ƙone fadoji da gidajen zuhudu, sun kashe mutane. Amma a watan Mayu sai ya fitar da wata ƴar takarda da ke kiran sarakuna su sare, su soke, su kashe masu tawaye kamar yadda ake yi wa mahaukacin kare. Ranar 15 ga Mayu 1525, a Frankenhausen, sojan sarakuna suka karkashe dubban manoma a yini ɗaya. Jagoransu Thomas Müntzer, wanda dā mabiyin Luter ne, aka fille mishi kai. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda suka mutu a yaƙin gaba ɗaya tsakanin 70,000 da 100,000. Masu kare Luter na cewa sarakunan ba su jira izininsa ba, da takardar da babu ita za su yi kisan. Haka ne. To amma mi ya sa ya rubuta? Wanda ake saurare a ƙasa duka, in ya ga takobi ya riga ya fita kube, aikinsa ya ce a sassauta. Abokansa ma sun ji nauyin abin, suka yi mishi magana, sai ya sake rubuta wata yana kare ta farko.

Ni a nan nake ganin mabuɗin. Tun daga Wartburg ran Luter a hannun sarki yake. Ba don Frederick ba da an ƙone shi. Gyaransa ya rayu ne a inda masu mulki suka rungume shi, kuma da yawansu sun rungume shi har da kwaɗayin filayen coci. Wanda ke kwana a zauren sarki, muryarsa kan sarki ba ta fita duka. Ku duba abin da ya faru a 1540. Sarkin Hesse, Philip, ginshiƙin Furotesta, ya so ƙara mata ta biyu, abin da dokar daular ta haramta. Luter da abokinsa Melanchthon suka ba shi izini a asirce. Da magana ta fasu, Luter ya ba da shawarar a musanta. A nan wajenmu wani zai ce to mi ne ne a ciki, mata biyu? Ba yawan matan ne zancen ba. Zancen shi ne an yi wa mai mulki ƙofar da ba a yi wa manomi ba, kuma aka ce a rufe ta da ƙarya.

Haka aka yi da masu sake baftisma, waɗanda suka karanta littafin da Luter ya ba su suka ce baftisma sai baligi. A 1536 ya sa hannu kan shawarar da ta halatta hukuncin kisa a kansu. Mutumin da Roma ta la'anta don ya ce kada a ƙone ɗan bidi'a.

Sai babban tabon. A 1523 Luter ya rubuta littafi yana tuna wa Kiristoci cewa Yesu Bayahude ne, ya ce an wulaƙanta Yahudawa, a yi musu kirki. Amma kirkin da sharaɗi ne, yana sa ran za su karɓi addininsa yanzu da ya gyara shi. Ba su karɓa ba. A 1537 shugaban Yahudawan daular, Josel na Rosheim, ya nemi ya sa baki wajen sarkin Saksoni da ya kore su, ya ƙi. A 1543 ya fitar da littafi a kansu, kuma abin da ya nemi masu mulki su yi ba a ɓoye yake ba: a ƙone wuraren ibadarsu da makarantunsu, a rushe gidajensu, a ƙwace littattafansu, a hana malamansu koyarwa, a janye musu kariya a kan hanya, a sa matasansu aikin ƙarfi. Kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa, a Eisleben, yana kan mumbari yana kiran a kore su.

Nan ne ake kawo uzurin da na fi ƙi: wai ɗan zamaninsa ne. I, ƙin Yahudawa ya cika Turai ta lokacin, abokin gabansa na Katolika Johann Eck ma ya rubuta nasa mummunan littafin. Amma a zamanin nan dai Heinrich Bullinger na Zurich ya yi tir da ƙazantar harshensa, kuma majalisar birnin Strasbourg ta hana a buga littafin a garinta bayan Josel ya kai kuka. Ashe a zamanin akwai waɗanda suka ga abin bai dace ba. Kuma shi kansa Luter na 1523 ya gani.

Wasu kuma sukan tsallaka su ce Luter ne ya haifi Hitler. Wannan ma ban yarda ba. Shekara kusan 400 ke tsakani, kuma ƙiyayyar ƴan Nazi ta jini da launi ce, ko Bayahude ya yi baftisma ba ya tsira, ta Luter kuwa ta addini ce. Fasto Dietrich Bonhoeffer da ƴan Nazi suka rataye a Afrilun 1945 ɗan cocin Luter ne. Danmak, ƙasar da kusan kowa ɗan cocin Luter ne, ta tsallakar da Yahudawa kimanin 7000 zuwa Siwidin a 1943. Amma fa littafin yana nan ajiye, da aka buƙace shi aka ɗauko. Daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938 aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus, 10 ga Nuwamba kuwa ranar haihuwar Luter ce, kuma wani bishop na Thuringia, Martin Sasse, ya buga ƙasida yana murna da wannan dacewa. A shari'ar Nuremberg, mai farfagandar Nazi Julius Streicher ya kare kansa da sunan Luter. Ba shi ya kunna wutar ba, amma itacen da ya tara ya ci.

Wani abu da zai ba wasunku mamaki: a 1542, da hukumar birnin Basel ta so hana buga fassarar Alƙur'ani da Latinanci, Luter ne ya sa baki aka sake ta, har ya rubuta mata gabatarwa. Kada ku ɗauka ƙauna ce, don a yi raddi ya so a karanta. Amma ku lura, ga Turkawa masu runduna a bakin Viyana, sai ya ce a karanta littafinsu a amsa da hujja. Ga Yahudawa marasa soja ko ɗaya, sai ya ce a ƙwace nasu.

Abin da ya sa nake girmama magadansa na yau shi ne ba su jira wani ya tona musu ba. Ƙungiyar cocin Luter ta duniya ta nesanta kanta da rubutunsa kan Yahudawa a taronta na 1984, cocin Furotesta na Jamus ya sake faɗa a fili a 2015, ana shirin bikin shekara 500. Da Katolika kuwa, ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg suka sa hannu kan matsaya ɗaya game da barata, maganar nan da ta raba su, ko da yake wasu malaman tauhidi a ɓangarorin biyu har yanzu na cewa an lulluɓe saɓanin ne da kalmomi. A 2016 Fafaroma Francis ya je Lund a Siwidin aka yi addu'a tare. A 2010 a Stuttgart, wakilan cocin Luter suka roƙi gafarar ƴan Mennonite, jikokin masu sake baftisma, wasu a durƙushe. Shugaban Mennonite na lokacin, Danisa Ndlovu ɗan Zimbabuwe, ya miƙa musu akushin katako na wanke ƙafa.

Manoman 1525 ne dai ba su bar wata ƙungiya da za a je a roƙa ba. Waɗanda suka tuna da su ƴan gurguzun Jamus ta Gabas ne, su ma don amfanin kansu: suka sa hoton Müntzer a takardar kuɗi ta mark 5, suka gina katafaren gidan zane a kan tudun Frankenhausen. Da shekara 500 ta haihuwar Luter ta zo a 1983, gwamnatin nan dai ta shirya mishi biki, shugabanta Erich Honecker na jagorantar kwamitin. Gidan zanen kuwa an buɗe shi a Satumba 1989, saura wata biyu katangar Berlin ta faɗi.